MAI IDRIS ALOMA, SARKIN DA YA KAI YAƘI DUWATSUN MANDARA

A cikin sarakunan da suka mulki ƙasar Barno a zamanin da, babu wanda sunansa ya kai nisan na Mai Idris ɗan Ali, wanda aka fi sani da Idris Aloma. Ya hau gadon sarauta a wajen shekarar 1564, ya rasu a wajen 1596, watau ya yi shekara talatin da 'yan kai yana mulki. Babban birninsa, Birnin Gazargamu, kufansa yana nan gabas da Gaidam a cikin Jihar Yobe ta yau. Saboda haka mutanen Potiskum da Fika da Gadaka da Damaturu waɗanda neman abinci ya kawo su Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Ibadan, ko Onitsha, wannan labarin gidansu ne. Waɗansu kakanninsu sun bi tutarsa, waɗansu kuwa kakanninsu ne ya kai wa yaƙi.

Abin da ya sa aka san labarinsa filla-filla shi ne, babban limaminsa, Ahmad ɗan Furtu, ya bi shi fagen fama sau da yawa, ya kuma rubuta littattafai biyu da Larabci, ɗaya a 1576 a kan yaƙe-yaƙen Barno, ɗaya a 1578 a kan yaƙe-yaƙen Kanem. Bature matafiyi ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya sami kwafinsu a Kukawa bayan 1850, daga baya H. R. Palmer ya fassara su da Turanci.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

Idris ɗan gidan Saifawa ne, gidan da ya daɗe ƙwarai yana sarauta a yankin Tafkin Cadi. Da farko mazauninsu yana Kanem, gabas da tafkin, a birnin Njimi. A ƙarshen ƙarni na 14 Bulala suka fi ƙarfinsu, suka kore su, suka gudo yamma da tafki suna ta yawon neman mazauni, har Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu kusa da kogin Yobe a wajen 1472. Kakan Idris, watau Mai Idris Katagarmabe, shi ne ya fara komawa Njimi da yaƙi, bayan sama da shekara ɗari rabon Saifawa da ganin kaburburan kakanninsu.

Mahaifin Idris, Mai Ali, bai daɗe a sarauta ba ya rasu, ya bar shi yana ƙaramin yaro. Sarauta ta koma wani ɗaki. Labarin baka na Barebari ya nuna uwarsa 'yar sarkin Bulala ce, kuma a can wajen dangin uwa ya sami mafaka sa'ad da zaman birni ya zama da hatsari gare shi. Har ila yau labarin baka yana ambaton wata mace mai ƙarfin hali, Aisa Kili, wadda ta riƙe ƙasa har yaron ya isa. Da sunanta ake danganta gidan sarauta na jan bulo da ke Gambaru, kusa da birnin, a bakin kogi.

Ƙasar da ya gada kuwa ba ta kwanciyar hankali ba ce. An sha fama da yunwa kafin hawansa. A ƙofar birni kusan, akwai mutanen Sau waɗanda ba su bi ba. Daga arewa Buzaye suna kawo hari, daga gabas Bulala, daga yamma hanyar ƙasar Hausa ta zama sai mai ƙarar kwana, daga kudu kuma ga mutanen duwatsu.

HAJJI DA BINDIGA

A farkon mulkinsa ya tafi Makka ya sauke farali. Tafiyar nan ta buɗe masa ido. A lokacin Turkawa ne ke riƙe da Masar da Hijaz, kuma tun 1551 suka kama Tarabulus, inda hanyar fataken Barno take ƙarewa a bakin Bahar Rum. Ya ga irin aikin da bindiga take yi a hannun sojan da aka horar. Da ya komo, sai ya ɗauki Turkawa 'yan bindiga aiki, ya sa aka koya wa bayin gidansa harbi.

Bai tsaya ga bindiga kaɗai ba. Da can da takarkarai da jakuna ake ɗaukar kayan yaƙi, shi kuwa ya sa aka yawaita raƙuma, domin su ɗauki guzuri da salkunan ruwa a tafiya mai nisa. Da can in runduna ta zo bakin kogi sai ta yi kwanaki tana haye da ƙananan kwale-kwale, shi kuwa ya sa aka sassaƙa manyan jirage. In an sauka a ƙasar abokan gaba, sai an kewaye sansani da shingen ƙaya tukuna kowa ya kwanta. Waɗannan abubuwa uku, raƙumi da jirgi da shinge, su suka ba shi ikon fita da runduna nesa da gida, ya kuma komo da ita.

Mutanen Sau ya fara tasar wa. Ya kafa sansani na dindindin kusa da Damasak, ya sa ana sare itatuwan kurmin da suke fakewa a ciki, da damina kuma a lalata musu shuka, har ƙarfinsu ya ƙare. A Amsaka, wani gari mai kafi da gwalalo wanda ya gagari waɗanda suka riga shi, ya sa aka kafa dogayen hasumiyoyi na itace, 'yan bindiga suka hau suna harbi cikin garin daga sama, mutanensa kuma suna cike gwalalon da ƙasa har suka isa jikin kafin. Ya kai yaƙi ƙasar Kano ma, ya rushe garuruwa masu kafi da dama, amma Dala ta gagare shi, ya juya.

YAƘIN DUWATSU

To, duk ƙarfin Barno a kan doki yake. A fili, in barade da 'yan lifida suka yi sukuwa, ba mai tsayawa gabansu. Amma doki ba ya hawan dutse da lifidi a jikinsa, raƙumi ma ƙafarsa ta rairayi ce. Mutanen kudancin Barno sun daɗe da gane wannan. Da an hango ƙurar mahaya, sai a kwashi mata da yara da awaki a hau tsauni, a bar wa maharan bukkoki. Wanda ya san dutsen Gudi da ke wajen Gadaka, inda kakannin Ngamo suka zauna, ko duwatsun ƙasar Fika, ya san irin kariyar da dutse yake yi wa mai shi: hanya ƙunci, mutum ɗaya-ɗaya ake bi, na sama yana ganin na ƙasa, kuma ko kibiya ta ƙare akwai duwatsun da za a gangaro.

Duwatsun Mandara sun fi waɗannan nesa ba kusa ba. Sun miƙe kusan mil 120 a kan iyakar Nijeriya da Kamaru ta yau, daga wajen Gwoza da Mora a arewa har kusa da kogin Binuwai a kudu, ƙololuwarsu mafi tsawo ta kusa kai mita 1,500. Akwai kwazazzabai da koguna, mutanen wurin kuwa manoma ne da suka sassaƙa jikin dutse suka yi gonaki hawa-hawa, ga su kuma maƙera masu narka tama.

Idris ya fara gwada ƙarfinsa a kan duwatsu a ƙasar Margi. Shugabansu, Adwa, da yana bin Barno, har yana fita yaƙi tare da Mai, daga baya ya ƙi. Aka aika masa ya zo, ya yi kunnen ƙashi. Mai Idris ya ɗaura yaƙi, ya bi shi dutsen Kopci, daga nan zuwa Mitku, daga nan zuwa Humdi. Adwa ya tsere, aka kama iyalinsa, a ƙarshe shi da kansa ya zo birni ya yi mubaya'a.

Sa'an nan sai maganar Mandara ta taso. Babban birnin Mandara a lokacin shi ne Kirawa, a gindin dutse, garin da yau iyakar Nijeriya da Kamaru ta ratsa shi. Rikicin gadon sarauta ya tashi a gidan sarkinsu, ɗan'uwa ya ƙwace gado, wanda aka kora ya gudu Gazargamu ya faɗi gaban Mai Idris yana neman taimako. Mai ya karɓe shi hannu biyu. Ba tausayi kaɗai ya motsa shi ba. Mandara ita ce ƙofar kudu, daga can ƙarfe da bayi suke fitowa, kuma sarkin da Barno ta ɗora ba zai tare wa Barno hanya ba.

Daga Gazargamu zuwa Kirawa ya fi mil 150. Runduna za ta ratsa daji mai ƙarancin ruwa, ta bi ta ƙasar laka wadda da damina ba ta biyuwa, da rani kuma takan tsattsage har ta karya ƙafar doki, kafin a hango duwatsun. Kowane doki yana bukatar dawa da ruwa kullum, kowane ɗan bindiga yana bukatar albarushi wanda sai an ratso Sahara da kayan haɗa shi. Duk wannan aka ɗauka, aka isa Kirawa. Amma da isarsu sai suka tarar wanda suka zo nema ya riga ya haye babban dutsen da ke yamma da garin, shi da jama'arsa. Barade suka tsaya a ƙasa suna kallon sama. Mai Idris bai tura mutanensa su hau a yi ta gangaro musu duwatsu ba, ya juya gida.

Na kan dutse suka ɗauka magana ta ƙare, suka sauko. Ashe Mai shiri ya koma yi. Ya sake ɗaura yaƙi ya komo, suka sake hayewa kamar da. Wannan karon bai juya ba. Ya kafa sansani a gindin dutsen, ya tsare hanyoyin sauka, ya zauna. Abin da ke cikin rumbunan kan dutse yana raguwa kullum, na ƙasa kuwa raƙuma suna kawo musu abinci. Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Yunwa ta yi aikin da doki ya kasa, na sama suka rasa yadda za su yi, aka ci su, Mai Idris ya mai da wanda aka kora bisa gadon gidansu, Mandara ta shiga bin Barno.

Masu karatun tarihin duniya sun san labarin Hanibal, jarumin birnin Kartaj da ke ƙasar Tunisiya ta yau. A shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa, ya taso daga Sifen da runduna da giwaye 37, ya haye duwatsun Alps masu ƙanƙara domin ya faɗa wa Rumawa ta inda ba su zata ba. Ya haye, amma sanyi da yunwa da harin mutanen duwatsu sun ci masa dubban mutane, ya sauka Italiya da dakaru wajen 20,000 da mahaya 6,000. Ya yi shekara goma sha biyar yana yaƙi a can bai ci birnin Rum ba. Shi Hanibal dutse hanya ce gare shi, tilas ya ratsa. Shi kuwa Idris abokin gabansa a kan dutsen yake zaune, kuma ya gane cewa mutumin da ya hau dutse ya tsare kansa ne a wurin da abinci yake da iyaka.

Domin a san abin da ya yi ba ƙaramin aiki ba ne, sai a dubi abin da ya faru bayansa. A wajen 1781 wani Mai na Barno ya kai wa Mandara yaƙi, aka karya rundunarsa mummunan karyi. A yaƙin duniya na farko kuma, wani hafsan Jamus mai suna von Raben ya hau dutsen Mora da 'yan sojoji kaɗan a 1914. Sojojin Ingila da na Faransa, cikinsu har da 'yan Arewa na rundunar Nijeriya, suka kewaye shi da igwa da bindigogi masu ruwa, amma bai sauko ba sai a watan Fabrairu na 1916, bayan sauran Kamaru duk ta faɗi. A zamanin nan ma, 'yan Boko Haram sun kama Gwoza a watan Agusta na 2014, soja suka ƙwato ta a watan Maris na 2015, kuma duwatsun nan ne suka zama mafakar waɗanda suka tsere.

HANYAR YAMMA DA NGIZIMAWA

Yaƙin da ya fi shafar ƙasar Potiskum shi ne wanda ya yi da Ngizimawa. Liman Ahmad ya zarge su da tare hanyar fatake da kai hari garuruwan Barno na yamma, har ayari ya kasa wucewa. Mai Idris ya fita kansu fiye da sau ɗaya, ya kewaye garuruwansu masu kafi, irin su Mawa da Agam, ya ci su da irin dabarar da ya yi a Amsaka. Bayan haka hanyar da ta haɗa Barno da ƙasar Hausa ta buɗe.

A nan ya kamata mai karatu ya yi hattara. Alƙalami a hannun limamin Mai yake, Ngizimawa da Margi da Sau ba su bar littafi ba. Wanda liman ya kira ɗan fashi, a wajen mutanensa mai tsaron gida ne da ya ƙi biyan gandu. Liman da kansa bai ɓoye abin da ake yi bayan an ci gari ba: a Amsaka an karkashe mazan da aka kama, a wurare da yawa kuma an kwashe mata da yara bayi. Da yawansu an kora su arewa ta hanyar Bilma da Fazzan, inda ake musanya su da dawaki da kayan yaƙi. Bindigar da ta ba Barno nasara, da 'ya'yan mutane aka biya wani sashe na kuɗinta. Ngizimawa dai ba su ƙare ba, jikokinsu suna nan a Potiskum da sarautarsu da harshensu, tare da Bolewa da Karekare da Ngamo.

KANEM, SANTAMBUL DA MAROKO

Tsakanin 1574 da 1578 Mai Idris ya fita sau bakwai zuwa Kanem yana yaƙi da sarkin Bulala, Abdul Jalil. Ya shiga Njimi, ya ziyarci kaburburan kakanninsa, aka yi musu saukar Alƙur'ani. Amma bai mai da gadon sarauta can ba. A ƙarshe sulhu aka yi, aka raba ƙasar aka sa iyaka, aka naɗa wa Bulala sarkin da zai zauna lafiya da Barno.

Ta wajen arewa kuwa, Turkawa sun matso har Fazzan, sun kama wani sansani da Barno take ganin nata ne. Mai ya aika manzanni har Santambul wurin Sarkin Musulmi Murad na Uku. Amsar da ta fito a 1577 ba ta mai da masa sansanin ba, amma an umarci gwamnonin Turkawa su kiyaye lafiyar fatake da alhazan Barno. Da ya ga haka sai ya juya wajen Maroko, ya aika wa Sarki Ahmad al-Mansur manzo a wajen 1582 yana neman soja da bindigogi. Shi kuwa al-Mansur mubaya'a ya nema, taimakon bai zo ba. A 1591 sojojin Maroko suka ratso Sahara suka karya Songhai a Tondibi. Daular Askiya ta watse, Barno ta rage ita ce babbar daula a wannan sashe na ƙasashen baƙar fata.

MULKIN CIKIN GIDA

Ba yaƙi kaɗai ya yi ba. Ya rushe masallatan kara na birni ya gina na bulo. Ya ɗauke shari'a daga hannun hakimai ya danƙa wa alƙalai masu ilmi. Ya sa aka daidaita mudun awo a kasuwanni domin kada a cuci mai saye. Ya matsa wa masu fasiƙanci, ya girmama malamai, ya ƙarfafa wa mutane zuwa hajji. Wanda ya taɓa sayen hatsi da mudun da aka bubbuge gindinsa ya san daidaita awo ba ƙaramar kyauta ba ce ga talaka.

RASUWARSA

A fagen fama ajalinsa ya same shi, a kudancin Barno. Labarin da aka gada ya nuna wani mutum ne da ya ɓuya a kan itace ya jefe shi da makami, raunin ya zama sanadi. Aka binne shi a bakin tafkin Alau, kusa da inda Maiduguri take yanzu, daga nan ne ya sami laƙabin Aloma, watau na Alau. Wurin nan ne aka gina madatsar ruwa wadda ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya ci unguwanni da yawa na Maiduguri. 'Ya'yansa uku, Muhammadu da Ibrahim da Umaru, sun yi sarauta bi da bi. Birnin Gazargamu ya tsaya har 1808, sa'ad da mayaƙan jihadi suka ci shi, sarautar Saifawa kuma ta ƙare a 1846, gidan Shehu Laminu ya gaje ta.

Yau motocin shanu suna tashi daga kasuwar Potiskum, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, su kwana a hanya su sauke a Legas da Ibadan da Fatakwal. Kowane direba da kowane mai rakiyar shanu ya san abin da tsaron hanya yake nufi, haka nan wanda ya bar iyali a gida yana jiran labari. Damuwar da ta fitar da Mai Idris daga birni shekara ɗari huɗu da suka wuce ke nan: ayari ya wuce lafiya, alhaji ya je ya komo, awo ya zama ɗaya. Ya sami abin da ya nema, amma mutanen duwatsu da na garuruwan kafi sun biya da tsada. Jikokin waɗanda suka hau doki da na waɗanda suka hau dutse yanzu zango ɗaya suke kwana a kurmi, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, kuma in fitina ta tashi ba a tambayar wane ne Babarbare, wane ne Bangizime. Ya kamata kowannensu ya san labarin nan gaba ɗayansa, ya kuma faɗa wa 'ya'yan da aka haifa masa a nan kudu, waɗanda ba su taɓa ganin Gudi ko Gwoza ba. Allah ya jiƙan magabata, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.